Digirin Kimiyyar Bayanai: An Sauya Allon Shago, Haja Tana Nan Yadda Take

Duk shekara, idan jami'o'i suka fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, akwai gidaje da yawa a Zariya da Kano da Maiduguri inda murna ke zuwa rabi da rabi. Yaro ya nemi karatun lauya ko aikin jarida, makinsa na JAMB bai kai ba, sai jami'a ta tura shi sashen nazarin laburare da kimiyyar bayanai. Kafin a gama yi masa barka, wani kawu zai furta tambayar da kowa ya haɗiye: idan ya gama, me zai ci da wannan takarda?

Tambaya ce ta mai hankali, domin iyalin da za su ɗauki nauyin karatun shekara huɗu suna da haƙƙin sanin abin da suke saya. Amsoshin da ake ba su iri biyu ne. Masu ba'a kan ce shekara huɗu ce ta koyon jera littattafai a kanta da hana mutane surutu. Masu kare kwas ɗin kuma kan ce ai zamanin bayanai ake ciki, su kawo labarin albashin da ake biya a Amurka, su rufe da cewa ilimi ba shi da farashi. Dukkansu sun kauce wa tambayar.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa wa kawun ita ce: ilimin tsara bayanai da adana su da nemo su yana da tsada a kasuwar aiki ta yau, amma digirin da jami'o'in Najeriya da yawa ke bayarwa da sunan wannan ilimi yana da arha. Tazarar da ke tsakanin biyun ba ɗalibi ne ya haifar da ita ba. Sassan da suka ƙara kalmar "bayanai" a allon ƙofarsu ba tare da sun sauya abin da suke koyarwa ba, da jami'o'in da ke karɓar kuɗin rajista ba su taɓa bin sawun inda ɗalibansu suka ƙare ba, su ne ke da tambayar amsawa.

Lissafin da ba a yi wa iyaye

Darajar digiri a kuɗi abu ne da ake iya lissafawa, kuma lissafin bai fi ƙarfin ɗan kasuwar Kwari ba. Ana haɗa abin da aka kashe, a haɗa abin da aka rasa saboda zaman aji, sannan a duba ƙarin kuɗin da takardar za ta riƙa kawowa a kowane wata.

Kuɗin rajista shi ne ɓangaren da kowa ke gani, musamman tun 2023 da jami'o'in tarayya da dama suka ƙara shi, wasu har ninki. Ɓangaren da ba a gani ya fi shi girma. Tun watan Yulin 2024, mafi ƙarancin albashi a dokar Najeriya naira 70,000 ne a wata. Matashin da ya zauna a aji wata 48 maimakon ya yi aikin da ke biyan wannan kuɗi ya bar naira 3,360,000 ke nan, ban da kuɗin makaranta da na haya da na abinci da na mota. Kuma wata 48 lissafin takarda ne. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ya ci kusan wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas a 2022. Waɗanda suka faɗa cikin waɗannan shekaru sun biya da lokacin da ba su yi ciniki a kansa ba.

A ɗauki wannan adadi na 3,360,000 kaɗai a matsayin misali. Idan digirin ya sa mai shi yana samun ƙarin naira 50,000 a wata a kan abin da zai samu da takardar sakandare, zai mayar da kuɗin cikin wata 67, wato shekara biyar da 'yan watanni. Idan ƙarin naira 20,000 ne, sai ya yi shekara 14. Idan kuwa ya ƙare yana koyarwa a wata makarantar kuɗi da ke biyan ƙasa da mafi ƙarancin albashi, ko yana sana'ar POS da ba ta buƙatar digiri, to babu ranar da lissafin zai rufe.

Za a iya cewa ba kowane mai takardar sakandare ne ke samun aikin naira 70,000 ba, kuma haka ne. Sai dai madadin jami'a a arewa sau da yawa shago ne ko gareji ko gona, kuma yaron da ya yi shekara biyar a shagon ubangidansa kan fita da jari da abokan ciniki. Wannan ma kuɗi ne da ɗalibin jami'a ya sadaukar.

Akwai kuma abin da ke cin ribar kafin ta zo. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024 a ƙididdigar hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Dalar da gwamnati ke sayarwa kusan naira 460 a Mayun 2023 ta haura naira 1,500 a 2024. Albashin gwamnati ba ya gudu da irin wannan sauri. Saboda haka digirin da ƙofarsa ɗaya ce, kuma ƙofar ta gwamnati ce, darajarsa na raguwa ko da mai shi ya samu aikin.

Yanzu kuma bashi ya shigo cikin maganar. Tun bayan dokar lamunin ɗalibai ta 2024, asusun NELFUND na biya wa ɗalibai kuɗin makaranta, a fara cire kashi goma cikin ɗari na abin da suke samu shekara biyu bayan sun gama yi wa ƙasa hidima. Babu kuɗin ruwa a kai, amma bashi bashi ne. Wanda zai ci bashi don ya sayi abu ya fi kowa cancantar a gaya masa ƙimar abin.

Haja mai mai saye ɗaya

Ba haka kwas ɗin ya fara ba. A 1953 hukumar UNESCO ta shirya taro a Ibadan kan bunƙasa laburaren jama'a a Afirka. Bayan rahoton Harold Lancour, Jami'ar Ibadan ta buɗe makarantar horar da ma'aikatan laburare da tallafin gidauniyar Carnegie, ta fara karɓar ɗalibai a 1960. A arewa kuwa, rahoton F. A. Sharr na 1963 kan buƙatun laburare na Jihar Arewa ne ya share fage, kuma a 1968 Jami'ar Ahmadu Bello ta kafa sashenta, wanda ya zama na farko a ƙasar da ya bayar da digirin farko a fannin. Jami'ar Bayero da Jami'ar Maiduguri suka biyo baya a ƙarshen shekarun 1970.

A lokacin, lissafin ya tsaya da ƙafafunsa. Ana ƙirƙirar jihohi, kowace jiha na kafa hukumar laburare, ana buɗe jami'o'i da kwalejoji, masu digiri kuma 'yan kaɗan ne. An tsara manhajar karatun ne don mai saye guda, wato gwamnati, kuma gwamnatin tana saye.

Wannan mai sayen ya daɗe da yin sanyi. Shaida mafi girma tana tsakiyar Abuja. An kafa Laburaren Ƙasa da dokar 1964, an bayar da kwangilar ginin hedikwatarsa a 2006, kuma kusan shekara ashirin bayan haka ginin bai kammalu ba. Lamarin ya kai ga a Satumbar 2025 uwargidan shugaban ƙasa, Oluremi Tinubu, ta roƙi masu niyyar yi mata kyautar cika shekara 65 su zuba kuɗin a asusun kammala ginin. Ƙasar da ke neman gudummawar biki don ta rufa wa babban laburarenta asiri ba za ta ɗauki dubban ma'aikatan laburare a shekara ba. Duk wanda ya leƙa laburaren jiha a garinsu ya ga abin da ya rage: tsofaffin littattafai, da 'yan sakandare masu neman inuwa don karatun jarrabawa.

Inda sana'ar ke da sauran mutunci shi ne laburaren manyan makarantu. Can akwai kuɗin asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, kuma yana ware kaso don bunƙasa laburare. A jami'a ana ɗaukar ƙwararren ma'aikacin laburare a sahun malamai, shugaban laburare kuma yana cikin manyan jami'an gudanarwa tare da shugaban jami'a da magatakarda da ma'aji. Amma kowace jami'a shugaban laburare ɗaya gare ta, kuma hawa wannan tsani na buƙatar digiri na biyu da na uku da wallafa maƙaloli. A wannan hanya, digirin farko tikitin shiga layi ne kawai. Wanda ya samu aikin gwamnati da shi kuma zai fara daga mataki na takwas, daidai da abokinsa da ya karanta tarihi ko nazarin zamantakewa. Rajista da hukumar LRCN, wadda dokar soja mai lamba 12 ta 1995 ta kafa, tana tabbatar da cewa mutum ƙwararre ne, amma ba ta ƙirƙirar gurbin aiki.

Duk da haka sassa sun ƙaru, ɗalibai sun ƙaru. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kwas ne da ba ya buƙatar asibitin koyarwa ko injina masu tsada, don haka ya zama wurin zuba waɗanda ba a samar wa gurbi a kwasa-kwasan da suka nema ba. Jami'a ta cika adadinta, ta karɓi kuɗinta, sannan ta sallami matashi zuwa kasuwar da ita kanta ta san ta tashi.

Alƙaluman Amurka ba na wannan haja ba ne

A nan ne masu kare kwas ɗin ke kawo hujjarsu mafi ƙyalli. Mutum zai bincika a intanet ya ga cewa masu digirin kimiyyar bayanai a Amurka suna samun albashi mai tsoka, sai ya ɗauka magana ɗaya ake yi. Suna ne ya zo ɗaya.

Makarantun laburare na Amurka sun shiga irin wannan hali tun da daɗewa. Jami'ar Columbia, inda Melvil Dewey ya buɗe makarantar horar da ma'aikatan laburare ta farko a 1887, ta rufe tata a 1992. Waɗanda suka tsira sun yi wa kansu tiyata. Jami'ar Michigan ta mayar da tata Makarantar Bayanai a 1996, kuma sauyin bai tsaya a allo ba: an ɗauko malaman kwamfuta da na tattalin arziki da na nazarin halayyar ɗan Adam, aka sake gina manhajar. Digirin farko da irin waɗannan makarantu ke bayarwa ya ƙunshi rubuta manhajar kwamfuta, da gina rumbun bayanai, da lissafin ƙididdiga, da tsara shafuka da manhajoji yadda mai amfani zai fahimce su. Masu gama shi kamfanonin fasaha da bankuna suke nufa. Wanda ke son aikin laburare a can kuwa, akasari sai ya yi digiri na biyu da ƙungiyar laburaren Amurka ta amince da shi.

Ke nan albashin da ake nunawa na ma'aikacin fasaha ne a kasuwar Amurka. Ɗora shi a kan digirin da aka tsara don laburaren jiha, wanda a jami'o'i da dama, har da ta Zariya, yake ƙarƙashin tsangayar ilimi, cinikin biri a sama ne. Sashen da ya ƙara kalmar "bayanai" a sunansa ya ari ƙimar wani abu ne da bai gina ba. Gwajin kuma mai sauƙi ne. A tambayi ɗalibin aji huɗu ko ya taɓa girka manhajar Koha ko DSpace da hannunsa, waɗanda kyauta ake samun su. A tambaye shi ko zai iya ciro amsa daga rumbun bayanai da harshen SQL, ko ya tsabtace jadawali mai layi dubu goma. Idan abin da ya sani shi ne ma'anarsu da ya haddace daga takardar malami don cin jarrabawa, to an sayar masa da allo.

Gasar kuma ta ƙara zafi. Sabuwar manhajar jami'o'i da hukumar NUC ta ƙaddamar a Disambar 2022 ta ware fannin kwamfuta a matsayin rukuni mai zaman kansa, da digiri dabam-dabam a kimiyyar data da tsarin bayanai da tsaron intanet. Masu waɗannan takardu suna neman ayyukan da sashen laburare ke yi wa ɗalibansa alƙawari, kuma sun fi su riƙe kayan aikin.

Inda kuɗin yake

Masu ba'a ma ba su tsira ba, domin sun raina ilimin da ba su san girmansa ba. Tambayar da fannin ya ginu a kanta ita ce yadda za a tsara tarin bayanai ta yadda mai nema zai samu abin da yake so a lokacin da yake so. A kan wannan tambaya aka gina ɗaya daga cikin kamfanoni mafi arziki a duniya. Google ya tsiro ne daga aikin binciken laburaren dijital a Jami'ar Stanford, kuma dabarar da Larry Page da Sergey Brin suka bayyana a 1998, ta auna muhimmancin shafi da yawan shafukan da ke nuni zuwa gare shi, 'yar gidan dabarar ƙirga ambaton maƙaloli ce, wadda Eugene Garfield, masanin kimiyyar bayanai, ya gina kundinsa na 1964 a kanta.

A gida ma buƙatar a fili take. Duk wanda ya taɓa neman fayil ɗin fansho na mahaifinsa, ko takardar fili, ko kwafin hukuncin kotu, ya san cewa ɓatan fayil yana cin kuɗi da shekaru, wani lokaci har da haƙƙin marayu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta wajabta wa ma'aikatun gwamnati su tsara takardunsu kuma su amsa buƙata cikin kwana bakwai, abin da ba zai yiwu ba a ofishin da fayiloli ke jibge a buhu. Dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta wajabta wa manyan masu riƙe da bayanan jama'a, irin su bankuna da kamfanonin sadarwa, su naɗa jami'in kare bayanai. Hukumomin filaye irin su AGIS a Abuja da KADGIS a Kaduna da KANGIS a Kano aikinsu ya dogara ne a kan mayar da tsofaffin takardu zuwa na'ura da tsara su. Ma'aikatun lafiya da ƙungiyoyin agaji suna tattara alƙaluma a manhajar DHIS2, kuma kullum suna neman wanda zai iya tantance su.

Ga kuma dukiyar da arewa ta fi kowa. Gidan Arewa a Kaduna, da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke garin, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da gidajen malamai a birane da ƙauyuka, suna riƙe da dubban rubuce-rubucen Larabci da Ajami. Laburaren Birtaniya da Jami'ar Boston sun kashe kuɗi wajen ɗaukar hoton irin waɗannan takardu a Najeriya. Mutumin da ke karanta Ajami, ya kuma iya bayyana takarda bisa ƙa'idar katalogi ta duniya, abu ne mai wuyar samu a ko'ina, alhali tsangayu cike suke da rabin wannan ƙwarewa, sassan laburare kuma ya kamata su kasance masu ɗaya rabin.

Dukkan waɗannan ayyuka 'ya'yan fannin ne na halal. Amma idan aka buɗe gurbinsu, sau da yawa lauya ne ke zama jami'in kare bayanai, mai digirin kwamfuta ko lissafi ne ke riƙe rumbun bayanai, aikin kundin marasa lafiya kuma yana da tasa hukumar rajista da ba ta san da digirin laburare ba. Wanda ya karanta kimiyyar bayanai ya samu shiga, akasari ya shiga ne da abin da ya koya wa kansa da dare a YouTube, ko a shirin horaswa irin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023. Idan abin da ke kawo albashin an koye shi a wajen aji ne, to bai dace sashe ya jera sunan wannan matashi a matsayin shaidar ingancin digirinsa ba.

Hujjojin masu karewa

Hujja ta farko ita ce ba don kuɗi ake neman ilimi ba. Magana ce mai daɗi, kuma al'ummar da ta gaji tarbiyyar neman ilimi don Allah tana girmama ta. Amma mai faɗin ta albashi yake karɓa a ƙarshen wata, jami'ar da yake wa aiki kuma ba ta barin ɗalibi ya shiga ɗakin jarrabawa sai ya nuna rasit. Wanda ya sa wa abu farashi wajen sayarwa ba shi da bakin cewa abin ya fi ƙarfin farashi idan mai saye ya tambayi ribarsa. Ɗan mai hali zai iya karanta abin da ransa ke so. 'Yar manomin da aka sayar da buhunan masara don rajistarta ba ta da wannan sarari.

Hujja ta biyu ita ce rashin aiki ya shafi kowane kwas. Gaskiya ce, kuma babu mai hankalin da zai ɗora wa sashe ɗaya laifin tattalin arzikin ƙasa. Amma wannan fanni ya bambanta da saura ta fuska guda: kasuwarsa tana buɗe, wasu ne ke cin ta. Wannan ya ƙara wa sashen nauyin laifi ne, bai rage ba.

Hujja ta uku ita ce babu kayan aiki, babu wuta, babu kuɗi. Ita ce mafi ƙarfi, domin akwai malaman da ke sayen data da kuɗin aljihunsu don su nuna wa ɗalibai abin da ke faruwa a duniya, kuma sun cancanci yabo. Sai dai manhajojin da ake magana a kansu kyauta ne, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukar su. Kowace jami'a tana da rajista mai cike da fayilolin da ke neman mai tsara su, da dubban kundayen binciken ɗalibai da ke ruɓewa a sito. Ɗakin gwajin wannan kwas yana nan cikin harabar jami'a, ba a buɗe wa ɗalibai ba ne. Ita kuma manhajar NUC ta 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ta ga ya dace da muhallinta. Sashen da ya cike wannan gurbi da tsofaffin darussa cikin sababbin sunaye ba zai ce Abuja ce ta ɗaure masa hannu ba.

Abin da ake bin jami'o'i

Abu na farko shi ne alƙaluma. A Amurka, ma'aikatar ilimi tana wallafa abin da masu kowane kwas a kowace jami'a ke samu bayan kammalawa, a shafin College Scorecard. A Ingila ana haɗa bayanan karatu da na haraji don a ga albashin ɗalibai shekaru bayan sun gama. A Najeriya kuwa iyaye na zaɓar kwas ne da jita-jita da nasihar maƙwabta. Abin kunyar ya fi yawa a wannan sashe, domin tattara bayanai da tsara su ita ce sana'ar da yake iƙirarin koyarwa. Sashen kimiyyar bayanai da ba zai iya faɗin inda ɗalibansa na shekara biyar da suka wuce suke aiki ba, da nawa suke samu, ya faɗi jarrabawar kansa. Ya kamata NUC ta sa wannan bibiya cikin sharuɗɗan amincewa da kwas, NELFUND kuma ta nemi ganinta tun da kuɗin jama'a take rantawa.

Na biyu shi ne gaskiya a suna. Sashen da ke horar da ma'aikatan laburare ya faɗi haka ba tare da jin kunya ba, domin sana'a ce mai daraja da ƙasa ke buƙata, sannan ya rage adadin da yake ɗauka zuwa abin da guraben aiki za su iya haɗiyewa. Wanda ke son sunan kimiyyar bayanai kuma ya biya kuɗin sunan: kada ɗalibi ya fita sai ya gina rumbun bayanai mai aiki, ya tsara takardun wani ofishi na gaske, ya san dokar 2011 da ta 2023 kamar yadda ɗalibin lauya ya san su, ya kuma iya ƙididdiga. Idan malaman sashen ba su da wannan ƙwarewa, sashen kwamfuta yana tsallaken titi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Na uku ya shafi iyaye da masu ba da shawara, kuma masu karanta wannan shafi da yawa su ne kawunnan da ake kira idan sakamako ya fito. Amsar da ta dace ba ta "karɓi kawai, digiri digiri ne" ba ce, ba kuma ta dariya ba ce. Kafin a biya rajista, a nemi jerin darussan shekara huɗu a karanta. A tambayi ɗaliban aji uku abin da suka taɓa yi da hannunsu. A nemi mutum biyar da suka gama a wannan sashe a ji inda suke. Idan yaro ya shiga, a sani tun ranar farko cewa kwamfutar tafi-da-gidanka da kuɗin data suna cikin kuɗin makaranta, kuma wurin da zai yi horon sanin makamar aiki zai iya fin darajar sakamakonsa tasiri.

Digirin kimiyyar bayanai na iya mayar da kuɗinsa har da riba, idan abin da ke cikinsa ya yi daidai da sunansa. A yadda ake bayar da shi a wurare da yawa yanzu, ɗalibi ne ke ɗaukar dukkan kasadar, jami'a kuma ta riga ta karɓi nata tun a zangon farko. Kawun da ya yi tambaya a tsakar gida bai nemi abin da ya fi ƙarfin jami'a ba. Adadi ya nema, daga mutanen da suka ce adana adadi da nemo shi ne aikinsu, kuma har yanzu ba su ba shi ba.